Farantan sola na taurarin ɗan'adam: lissafin ƙasa da abin da ake gani a sama

Nura: Assalamu alaikum manyanmu. Tambaya gare ni. Kafin a harba tauraron ɗan'adam, kamfanin da ya ƙera shi yana ba da adadi biyu: wutar da farantan solarsa za su bayar a farkon aiki, da wadda za ta rage a ƙarshen wa'adi, misali bayan shekara 15. To idan aka koma aka duba bayanan da tauraron ke aikowa, lissafin yana faɗawa daidai kuwa? Wasu na cewa kullum farantan sun fi abin da aka zata ƙarko, wasu na cewa akasin haka.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam Malam Nura. Duka biyun na faruwa. Amma kafin mu kai can, a sani cewa ba a ɗaukar adadin da ya sauko daga tauraro a ajiye shi kusa da na takarda haka kawai. Wanda ya yi haka zai ga lalacewa inda babu ita.

Ɗauki tauraron sadarwa da ke tsaye a kilomita 35,786 saman layin ikweta, wanda ya raba duniya kudu da arewa. Hasken rana a can wat 1,361 ne a kowace murabba'in mita, idan duniya na matsakaicin nisanta da rana. Nisan nan kuwa ba ya zama ɗaya. Farkon Janairu muna kilomita miliyan 147 daga rana, farkon Yuli miliyan 152, kuma wannan kaɗai na kawo bambancin kusan kashi 7 cikin 100 a ƙarfin haske. Na biyu, fukafukan irin wannan tauraro, wato dogayen allunan da ke ɗauke da farantan, a kan sanda ɗaya suke juyawa, wadda ta miƙe kudu da arewa. Suna bin rana gabas zuwa yamma, amma ba sa ɗagawa ko sunkuyawa. A ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba rana na karkacewa digiri 23.4, sai a rasa kashi 8. A Yuni ne biyun ke haɗuwa, ga nisa ga karkata. Fiffiken da ya ba ka kilowat 10 a Maris zai ba ka kusan 8.8 a Yuni, alhali lafiyarsa lau.

Na uku zafi. A ƙasa ana gwada ƙwayoyin sola ne a digiri 28. A sama suna aiki wajen digiri 50 zuwa 60, kuma ƙwaya mai hawa uku, wato wadda aka ɗora shimfiɗa uku a cikinta kowace na cin launin haske daban, tana rasa kashi 6 zuwa 8 na wutarta a wannan tazara. Sai an cire waɗannan ukun tukuna ake ganin tsufa na gaskiya.

Auwalu: Injiniya, ai na ɗauka akwai mita a jikin tauraron da ke nuna wat nawa faranti ke bayarwa, kamar yadda muke gani a fuskar inbata.

Injiniya Bala: Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki, Malam Auwalu. Mafi yawan manyan taurarin sadarwa ba sa neman ƙololuwar wutar faranti irin yadda caja mai MPPT ke yi. Tsarinsu ya fi kusa da na caja mai PWM, wadda jonawa da cirewa kawai take yi. An raba fiffike kashi-kashi, kowane kashi ko dai an jona shi da babban layin wuta mai tsayayyen bolt, 50 ko 100, ko kuma an haɗe bakinsa an mayar da wutarsa kansa saboda ba a bukatarta. Wanda aka haɗe bakinsa zai nuna maka amfiyarsa a sifilin bolt. Wanda aka jona zai nuna amfiyarsa a bolt ɗin layi. Babu ɗaya daga ciki da ke faɗa maka iyakar abin da farantin zai iya bayarwa. Sai dai a ciro shi da lissafi.

Ƙari a kan haka, tsofaffin taurari da yawa da bit 8 suke aiko da ma'auni, wato matakai 256 kacal. Kowane mataki kashi 0.4 ke nan na iyakar mitar. Tsufan shekara guda na ƙwaya mai hawa uku a wannan falaki bai kai kashi 1 ba. Ka ga mataki biyu ne kawai a shekara, ga kuma ita kanta na'urar awon tana tsufa. Shi ya sa ba a yanke hukunci da bayanan wata shida.

Dakta Hadiza: Madalla Injiniya. Bari in ɗora da ɓangaren radiyeshan, domin shi ne ƙashin bayan hasashen.

Ana farawa da falakin, a zuba shi a tsarin lissafin ɗamarar Van Allen, wato zoben radiyeshan da maganaɗisun duniya ya riƙe kewaye da ita. Shekara da shekaru AE8 ake amfani da shi don elektiron, AP8 don furoton, kafin AE9 da AP9 su fito a 2012. Sai a ƙara furoton ɗin da rana ke watsowa idan ta yi aman wuta. Su ba a san ranar zuwansu ba, don haka ana ɗaukar adadin da ake da tabbacin kashi 90 ko 95 cikin 100 ba za a wuce shi ba. Daga nan a lissafa garkuwa: gilashin da ke rufe ƙwayar ta gaba, galibi kaurin maikiron 100 ko 150 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), da allon da take manne a kai ta baya. Sai a mayar da dukkan wannan tarkace zuwa ma'auni guda, wato elektiron nawa masu ƙarfin MeV 1 (MeV shi ne awon ƙarfin elektiron ko furoton) ne za su yi irin wannan ɓarna. Hanyar JPL ke nan, cibiyar binciken hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA. Cibiyar binciken sojan ruwan Amurka, NRL, na da tata, wadda ke lissafa ƙarfin da ya tafi wajen gusar da atom daga mazauninsa, kuma ba ta bukatar gwaji da yawa. A ƙarshe a koma kan ƙwayoyin da aka riga aka yi wa ruwan elektiron a ɗakin gwaji, a karanta abin da ya rage.

Ga tauraron sadarwa na shekara 15, adadin yakan kai wajen 1 mai sifili 15 a bayansa a kowace murabba'in santimita, kuma ƙwaya mai hawa uku tana riƙe kashi 85 zuwa 90 na wutarta a nan. Hawan tsakiya, na galiyam asenaid, shi ya fi jin jiki.

Abin da ya sa nake ɓangaren masu cewa hasashe na faɗawa daidai, ko ma farantin ya ɗan fi shi, dalili biyu ne. Na farko, ɓarnar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan radiyeshan. Tana da sauri a farko, sannan ta lafa. Waɗanda suka tsara AE8 da AP8 da kansu sun ce ana iya samun kuskuren ninki biyu, amma ko ka ninka radiyeshan ɗin biyu a wannan matsayi, abin da zai ƙaru na asara bai wuce kashi 3 zuwa 5 ba. Na biyu, wancan tabbacin kashi 95 na nufin mafi yawan taurari ba za su taɓa ganin furoton ɗin da aka yi musu tanadi ba. Zagayen rana na 24, daga 2008 zuwa 2019, mai rauni ne ƙwarai. Taurarin da suka yi rayuwarsu a cikinsa rara suka ci.

Malam Sabi'u: Dakta, da girmamawa, wannan magana gaskiya ce a falakin taurarin sadarwa da kuma falakin ƙasa-ƙasa, inda aka tara bayanai na shekaru hamsin. Tsakaninsu fa?

TacSat-4 na Amurka an harba shi a Satumba 2011, falakinsa na tashi daga kilomita 700 ya kai wajen 12,000, yana ratsa cikin ɗamarar furoton sau da yawa a rana. Yana ɗauke da ƙwayoyin gwaji da na'urar auna radiyeshan a gefensu. Ƙwayoyin sun lalace da sauri fiye da yadda AP8 ya nuna, domin furoton masu ƙarfin 'yan MeV a wannan yanki sun fi yadda tsarin ya ɗauka yawa. Kuma su ne mafi sharri, don ƙarfinsu ya isa su ratsa gilashin rufi, amma bai isa su wuce ƙwayar ba, sai su tsaya a cikinta su sauke duk ɓarnarsu a nan.

Wannan yanki yanzu ba wurin gwaji ba ne kawai. Tun da taurarin sadarwa ABS-3A da Eutelsat 115 West B suka hau da injin lantarki a 2015, taurari da yawa na kwashe wata huɗu zuwa shida ko fiye suna tafiyar hawainiya ta cikin ɗamarar kafin su isa mazauninsu. Da injin mai, kwanaki kaɗan ne. A wannan tafiya kaɗai faranti na iya shan wani babban kaso na radiyeshan ɗin rayuwarsa tun bai fara aiki ba. Kuma da wutar farantin injin ke aiki, don haka idan ta ragu tafiyar ta ƙara tsawo, idan ta ƙara tsawo ɓarnar ta ƙaru.

Dakta Hadiza: Na karɓa, Malam Sabi'u. A wannan yanki tsoffin tsare-tsaren ba su da ƙarfi. Har ma an juya abin: masu bincike a Japan sun yi amfani da raguwar wutar farantan tauraronsu Akebono, wanda ya yi aiki daga 1989 zuwa 2015, wajen gano yadda ɗamarar furoton take. Wato farantin ya koma na'urar awo.

Sannan ban ce aman wutar rana ba ya cizo ba. SOHO, tauraron nazarin rana da ke tsakaninmu da ita tun ƙarshen 1995, ya rasa kimanin kashi 2 na wutarsa a aukuwar 14 ga Yuli 2000, cikin kwana ɗaya ko biyu. Kumbon Hayabusa na Japan ya gamu da na ƙarshen 2003, wutarsa ta ragu, injinsa na lantarki ya rage ƙarfi, isarsa Itokawa, dutsen sararin samaniyar da ya nufa, ta koma Satumba 2005. Amma duk waɗannan suna cikin abin da lissafi ya san da zuwansa.

Malam Isufu: Ni a ganina kuna jayayya ne a kan kashi 3 da kashi 5, alhali manyan asarorin da aka yi ba ta ƙofar radiyeshan suka shigo ba.

Ku duba farkon samfurin taurarin sadarwa na Boeing 702. An sa wa fukafukan madubai a gefe biyu, kamar kwararo, don su tattaro ƙarin haske su zuba kan ƙwayoyi. A takarda dabara ce mai kyau: ƙwayoyi kaɗan, wuta mai yawa. Galaxy 11 ya tashi da su a 1999, sai Thuraya 1 da PAS-1R da Anik F1 a 2000, sai guda biyu na kamfanin rediyon XM a 2001. A 2001 ɗin aka gane wutarsu na zubewa da saurin da ba a lissafa ba. Ƙarin hasken ya ƙara zafi, zafin ya sa gam da sauran kayan roba suna fitar da tururi, kwararon madubin kuma ya tare tururin maimakon ya tsere, sai ya sauka kan madubi da gilashi. Hasken rana mai ƙuna ya gasa shi ya manne ya yi duhu. Taurari shida, duk an rage musu shekarun aiki, har XM ya harba wani sabo a 2005 don ya karɓi aikin. Boeing ya cire madubin daga waɗanda suka biyo baya.

Dauɗar da muke magana ba ƙura ba ce da za a gani da ido. Kaurinta bai kai maikiron ɗaya ba. Amma launin shuɗi take fara sha, kuma hawan sama na ƙwayar da shuɗi yake aiki. Tunda hawa ukun a jere suke kamar sarƙa, wanda ya fi ƙarancin amfiya shi ke yanke wa sauran.

Auwalu: Kamar dai faranti ɗaya ya shiga inuwa ya ja dukkan jerin ƙasa.

Malam Isufu: Haka yake, sai dai nan a cikin ƙwaya guda abin ke faruwa. Kuma a rufin gida za ka hau da tsumma da ruwa bayan hunturu, can kuwa abin da ya manne ya manne.

GPS ma na da irin wannan tarihi. Taurarinsa a kilomita 20,200 suke, kuma tun rukunin farko aka lura wutarsu na raguwa fiye da abin da radiyeshan zai iya bayyanawa. An daɗe ana ɗora laifin kan tururin kayan jikin tauraron. Daga baya wasu masu bincike suka ce tartsatsin wuta ne da ke tashi a gefen ƙwayoyi dubban lokuta, kowanne ya fesa ɗan ƙarfe da gam kan gilashi.

Hajiya Rabi: Tunda an ambaci tartsatsi, a tsaya a kansa, domin shi ne abin da ke kashe jeri gaba ɗaya cikin daƙiƙa.

Idan maganaɗisun duniya ya rikice, elektiron masu zafi na lulluɓe tauraro, jikinsa ya ɗauki caji har dubban bolt. Gilashin rufi ba ya ɗaukar cajin daidai da jiki, saboda haske na fizgar elektiron daga fuskarsa. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta kai ɗaruruwan bolt, sai tartsatsi ya tashi a bakin ƙwaya, inda gilashi da ƙarfe da sarari suka haɗu. Wannan na farko bai kai ƙiftawar ido ba, kuma shi kaɗai ɓarnarsa kaɗan ce. Haɗarin shi ne idan a maƙwabtaka akwai wata ƙwaya ta wani jeri mai bambancin bolt da yawa. Tartsatsin farko ya gina gada, farantin da kansa ya ci gaba da hura wutar, takardar Kapton, siririyar robar da ke ƙarƙashi don hana wuta wucewa, ta ƙone ta zama gawayi. Gawayi kuwa yana ɗaukar wuta. Jerin ya tafi ke nan har abada.

Lokacin da layin wuta yake bolt 28 zuwa 50 ba a cika ganin wannan ba. Da aka hau bolt 100 a shekarun 1990 sai ga shi. Tempo-2 da PAS-6 duk sun rasa wuta ta wannan hanya a 1997. Mafi muni ADEOS-II na Japan: an harba shi Disamba 2002, a Oktoba 2003 wutarsa ta faɗo daga kilowat 6 zuwa 1 cikin 'yan mintoci. Shi a damin wayoyin da ke kawo wuta daga fiffike abin ya faru, bargon da ya naɗe su ya tara caji, wayoyin suka ci juna ɗaya bayan ɗaya.

Maganin da ake yi yanzu: a shimfiɗa jeri yadda ƙwayoyi biyu masu maƙwabtaka ba za su sami babban bambancin bolt ba, a buɗa tazara tsakanin jeri da jeri, a cike tazarar da gam, a sa wa kowane jeri dayod nasa, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, don kada sauran su turo masa amfiya, sannan a gwada samfurin faranti a ɗakin da aka zuƙe wa iska, a tayar masa da tartsatsi da gangan.

Nura: Hajiya, NigComSat-1 namu fa? Na sha jin ana cewa radiyeshan ne ya cinye farantansa.

Hajiya Rabi: A'a ƙanena. An harba shi Mayu 2007 daga Xichang a ƙasar Sin, a kan samfurin DFH-4, da wa'adin shekara 15. Ya mutu Nuwamba 2008, wata 18 ke nan. Radiyeshan ba ya yin wannan aiki a wata 18 a wancan falaki, abin da zai ci bai wuce 'yan kaso ba. Matsalar a na'urar juya fiffike take, wadda ke bi da shi wajen rana kuma ta cikinta wuta ke shigowa jikin tauraro. Fiffike ɗaya ya fara tafiya, bayan watanni ɗayan ya bi shi, batir ya ƙare. An maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamba 2011.

Na'urar nan wuri ne mai haɗari a kowane tauraro. Fiffike na juyawa sau ɗaya a rana, jiki kuma na fuskantar duniya, don haka ba za a ɗaura waya kai tsaye ba. Zobba ake jerawa da burushi na gogarsu, dukkan wutar fiffiken ta bi ta wannan ƙaramin wuri, zobe kusa da zobe. Ɗan ɓarɓashin ƙarfe ya isa ya haɗa biyu.

A ɗaya gefen kuma ga NigeriaSat-1, da aka harba 2003 da wa'adin shekara 5, ya kai 2012 yana aiki. Ƙarami ne, ƙwayoyinsa a jikinsa suke manne, babu abin juyawa.

Malam Sabi'u: To Dakta, kin ga inda nake nufi. Idan aka ce hasashe na faɗawa daidai, an ƙirga waɗanda suka rayu ne kawai.

Dakta Hadiza: Tambaya biyu ce muke cakuɗawa, Malam. Lissafin tsufa yana amsa: idan komai ya yi aiki, wuta nawa za ta rage? Mutuwar na'ura lissafi ne daban. Kuma ba a bar shi haka ba, a kasafin wuta ana cire jeri ɗaya ko biyu tun a takarda a ce sun mutu. Abin da babu wanda zai iya sa wa adadi shi ne kuskuren ƙira da ba a san da shi ba, irin na madubin 702. Wannan gwaji ne kaɗai ke kama shi, shi ma idan an kwaikwayi zafi da haske da rashin iska a lokaci guda.

Injiniya Bala: Akwai wani wuri da ƙaramin kuskure a hasashe ke zama babba, kuma ba a ambace shi ba. Tsawon jeri.

Ƙwaya mai hawa uku, mai faɗin murabba'in santimita 30, tana ba da kusan rabin amfiya, kuma mafi kyawun aikinta a bolt 2.4 ne tana sabuwa a digiri 28. Bayan radiyeshan na shekara 15 ya koma wajen 2.23. Kowane digiri na zafi na cin kusan milibolt 6.5, don haka a digiri 60 cire 0.21, saura 2.02. Layi na son bolt 100, dayod da wayoyi da zobba za su ci kusan 3. Raba 103 da 2.02, ka sami ƙwaya 51 a jeri.

Yanzu a ce farantin ya fi lissafi zafi da digiri 10, wanda ba abin mamaki ba ne idan gilashi ya yi duhu. Kowace ƙwaya ta rasa 0.065, jerin ya rasa fiye da bolt 3. Layi kuwa ba ya sassautawa, 100 yake so. Sai a tilasta wa ƙwayoyin aiki a bolt ɗin da ya wuce na mafi kyawun aikinsu, inda amfiya ke gangarowa kamar daga kan dutse. Shekara 12 za ka ga amfiya shiru tana raguwa a hankali, ka ce an fi hasashe, sannan cikin shekara biyu ta zube. Shi ya sa ake ƙara ƙwaya biyu ko uku a kowane jeri, kuma shi ya sa amfiya kaɗai ba ta isa shaida ba.

Auwalu: Na falakin ƙasa-ƙasa fa, irin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ISS?

Malam Isufu: Can radiyeshan da sauƙi. Abin da ke ci shi ne shiga inuwa da fita. Zagaye minti 90, har minti 35 a duhu, sau 15 zuwa 16 a rana, fiye da sau 5,000 a shekara. Kowane zagaye siraran ƙarafan da ke haɗa ƙwaya da ƙwaya na miƙewa su tsuke, har walda ta gaji. Ga kuma iskar oksijin mai atom ɗaya da ke cin azurfa da Kapton idan ba a rufe su ba. Tauraron sadarwa kuwa sau 90 kacal yake shiga inuwa a shekara, mafi tsawo minti 72, sai dai sanyinsa ya fi tsanani.

ISS na da manyan fukafukai 8, kowanne ƙwayar silikon 32,800, a bolt 160. Na farko sun hau Disamba 2000 da wa'adin shekara 15, kuma ma'aunin shekarun farko ya nuna tsufansu bai kai yadda aka zata ba. Sun wuce wa'adin suna aiki, sai 2021 aka fara ɗora sababbi masu naɗewa a gabansu. Wahalar da suka bayar ta inji ce: a 2007 ɗaya ya yage wajen buɗewa sai da aka fita aka ɗinke shi, a shekarar kuma aka sami ɓarɓashin ƙarfe a babbar mahaɗar juyawa ta dama. Madubin hangen nesa na Hubble ma farantansa na farko wuta ba ta gaza ba, girgiza suke yi duk lokacin da suka fito daga inuwa, hoto ya lalace. An canza su 1993, aka sake 2002.

Dakta Hadiza: A ƙara da masu tafiya nesa a taƙaice. Kumbon Juno da aka aika Jupita zai iya ba da kilowat 14 a kusa da duniya, a Jupita kusan wat 500. A haske kaɗan da sanyi mai yawa, ƙwayoyi biyu da suka yi kunnen doki a gwajin digiri 28 na iya rabuwa nesa, domin 'yar yoyon da ba ta da muhimmanci a cikakken haske tana zama babba idan amfiyar ta ragu ninki 27. Dole a tantance su a irin yanayin da za su tarar.

Nura: Na gode ƙwarai. To idan aka ba mutum bayanan tauraro na shekaru, ta yaya zai gane wane ciwo ne?

Hajiya Rabi: Bayan ka yi gyaran da Injiniya ya faɗa, na nisa da karkata da zafi, ɗauki rana ɗaya a kowace shekara, lokaci ɗaya, don inuwar eriya ta faɗi wuri ɗaya. Sannan ka kalli siffar layin.

Gangara mai santsi, mai sauri a farko tana lafawa, a amfiya da bolt duka, radiyeshan ne na yau da kullum. Faɗuwa ta kwana ɗaya ko biyu a dukkan sassan fukafukai biyu lokaci guda, je ka duba ma'aunin furoton na taurarin yanayi na Amurka, GOES, na wannan rana, za ka same ta. Faɗuwa nan take a sashe ɗaya kawai, raba ta da amfiyar jeri guda. Idan ta ba ka 1 ko 2 cif, jeri ne ya mutu, sai ka duba ko an yi rikicin maganaɗisu ko kuma fitowa daga inuwa ce, lokacin da faranti ke da sanyi bolt ɗinsa ya yi sama. Amfiya na raguwa bolt bai motsa ba, zafi kuma na hawa a hankali, dauɗa ce ko gam ya yi duhu, musamman idan allon da ke kusa da jiki ko kusa da injin ya fi na bakin fiffike lalacewa. Idan kuwa faɗuwar ta zo tare da ɗan motsin tauraron, wani abu ne ya buge shi. Haka aka gane na tauraron Turai Sentinel-1A ranar 23 ga Agusta 2016. Aka kunna kyamarar da aka sa don kallon buɗewar fiffike, sai ga tabo mai faɗin kusan santimita 40, daga ɓarɓashin da bai wuce 'yan milimita ba.

Nura: Da wane adadi zan fara kwatantawa, na takardar kamfani?

Injiniya Bala: Kwatanci biyu za ka yi, kada ka haɗa su. Na farko, ma'aunin makon farko a sama da na takardar kamfani. Wannan gwajin ƙasa yake aunawa. Fitilar gwaji ba rana ba ce, ana daidaita ta ne da ƙwayoyin ma'auni da aka ɗaga a balan-balan sama da kilomita 30, irin yadda JPL da hukumar CNES ta Faransa suka daɗe suna yi, ko a jirgi mai tashi can ƙololuwa. Ƙwaya mai hawa uku kuma sai an daidaita wa kowane hawa launinsa daban. Bambancin kashi 2 ko 3 a nan ba abin tayar da hankali ba ne.

Na biyu, duk abin da ya biyo baya ka raba shi da ma'aunin makon farkon, ba da na takarda ba, don kuskuren mitar ya fita. Ka tabbata makon farko ne na gaske, domin duhun da hasken rana ke sa wa gam da gilashi, kashi 1 zuwa 2, yawancinsa a watannin farko yake faruwa sannan ya tsaya. Idan tauraron da injin lantarki ya hau, ma'auninka na farko shi ne na ranar da fukafukai suka buɗe, tun bai shiga ɗamarar ba.